Guntun Aswaki a Ƙofar Wuta

In ka bi ta Gwallameji, ka wuce inda masu keke suke juyawa, za ka ga wata 'yar rumfar kwano da matattun fankoki jere a gabanta. Siririn mutumin da ke zaune a ciki, mai tabarau ɗaure da zare, shi ne Irmiya. Kawo masa fanka, kawo dutsen guga, zai gyara maka tsaf. Amma ka ce ya zo gidanka ya duba maka sola, sai ya ce ba ya yi. Wasu suna cewa girman kai ne, wasu su ce bai iya ba. Bai iya ba! Mutumin da ya riƙe wutar kamfani sukutum shekara goma sha tara. Haushi ke kama ni in na ji, amma ba na iya buɗe baki in gyara musu, don in na fara gyarawa maganar ta kaina za ta biyo.

Ni ne Mansir, ɗan Ƙofar Wambai. Ni ke kan injin goge shinkafa a kamfanin casa na Alhaji Bakari da ke hanyar Gombe, kuma ni na tarar da Irmiya a wurin, ba shi ya tarar da ni ba. Daga wajen Bogoro ya shigo Bauchi yana saurayi, ya koyi jan waya, ya yi shekaru yana hawa silin a gidajen manya a GRA kafin Alhaji ya ɗauke shi. Har yau wuta namiji ce a bakinsa. "Wutan ya tafi, wutan ya dawo." Na gaji da gyara masa na ƙyale shi. Shi kuma ya ce ni ɗan birni ne, surutu ya fi aikina yawa, kuma ba zan ce ya yi mini ƙarya ba.

Laƙabinsa a kamfani Sai-na-gwada. Ko da idonsa ya ga ka kashe wuta, ko ka rantse masa da kabarin kakanka, ba zai taɓa waya ba sai ya zaro testa ya gwada, ya sake gwadawa. Mun sha yin faɗa a kan wannan, don ni mutum ne mai gaggawa. Amma shekara goma sha tara ko yatsa babu wanda wuta ta lasa a kamfanin nan, kuma kowa ya san saboda wa.

Muna da wani tsari da ba a rubuta ba. Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya a kashe injina duka, mu tafi masallaci, Irmiya ya zauna da kamfani shi kaɗai. In aiki ya yi yawa har Lahadi, ni nake zama shi ya tafi sujada a coci. Babu wanda ya taɓa kiran wannan da wani suna, haka kawai muka taso muka ga ya fi mana sauƙi.

Shekarar da gas ya yi tashin da janareta ya zama abin kallo, Alhaji ya ce sola za a saka. Aka kawo wata injiniya daga Jos, sunanta Patricia, 'yar gajera, ba ta da yawan dariya. Cikin sati uku rufin sito ya cika da farantan sola, aka ware ɗaki guda na batura da inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gari. Sai dai kafin a bar Alhaji ya haɗa solarsa da layin gari an gindaya masa sharaɗi: wutarsa ta tsaya a gidansa, ko ɗigo kada ya fita waje.

Abu biyu Patricia ta saka saboda wannan. Na farko wani ɗan akwati mai gilashi da ke sa ido a kan babbar wayar da ta shigo mana. In ya ga sola ta fi abin da injina ke sha, sai ya rage mata ƙarfi. Lambar da ke gilashinsa ita ce yawan wutar da ke fita, kuma ana so kullum ta zama sifili. Har a wayar hannu ana iya ganinta. Na biyu kwantakta, wata baƙar aba mai girman burodi. Muddin akwai wutar gari, cikinta a danne yake, hanya a buɗe. Da zarar an ɗauke, sai ta saki, ta raba mu da layi, mu ci gaba da tamu a ciki. Irmiya ya raɗa mata suna ƙofa, kowa ya bi.

Ranar da za ta tafi, Patricia ta tsaya a ɗakin ta ce, "Baba Irmiya, lambar nan abin da ke wucewa kawai take faɗa maka. Ƙofar nan ita ce mai tsarewa. In ƙofa na buɗe kuma babu mai jan wuta a waje, lamba za ta ce maka sifili, amma wayar tana da rai." Ina tsaye a bakin ɗakin da kofin shayi a hannuna, na ji da kunnena. Na faɗi wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Lokacin da aka fi tsoron wuta ta tsallake shi ne Juma'a da ƙarfe ɗaya: injina a kashe, rana a tsakiyar ka, batura a cike. Saboda haka duk Juma'a Alhaji zai kira daga cikin mota a hanyar masallaci. "Irmiya, nawa?" Shi kuma ya duba waya ya ce, "Sifili, Alhaji." Shekara biyu cur ana wannan. Har ta kai in mun haɗu da safe sai in ce, "Oga, nawa?" ya ce, "Sifili," mu yi dariya. Kalmar ta zauna masa a baki kamar amsa sallama.

Sai bazarar bara ta zo da zafinta. Kowa a gari ya kunna fanka da firji, wutar da ke iso mana a ƙarshen layi ta zama rabi, ba ta tafi ba, ba ta zauna ba. Ƙofa ta rasa abin yi. Ta kama, ta saki, ta kama, ta saki, ƙat-ƙat-ƙat, yini guda. Duk sakin da za ta yi sai injina ya yi tuntuɓe, in ya yi tuntuɓe kuwa shinkafa ta kakkarye. Alhaji ya zo ya ɗebi cikin tafinsa a gaban masu saye, ya baza, ya dube ni, ya juya ya tafi. Wallahi gara ya zage ni. Ni da ake cewa in Mansir ya goge shinkafa ba a tambayar buhu.

Irmiya ya kira Patricia. Ta ce za ta kawo wata na'urar da za ta daidaita abin, amma sai Asabar ta sama. Kafin nan a cire kamfani daga layin gari gaba ɗaya, a yi aiki da sola da janareta. To sola ita kaɗai ba ta ɗaukar manyan injina da safe, janareta kuma Alhaji ko sunansa ba ya son ji. Sai ni na tasa Irmiya a gaba.

"Haba Oga, danne ta mana. Kowa a garin nan dannewa yake yi. Je ka gidan ƙanƙara ka gani, je ka wurin masu niƙa. Kai kaɗai ne ka yi karatun wuta?"

"Malam Mansir, ba a tokare ƙofa."

"To sai mu zauna muna kallonta tana rawa? Kai ba a kanka ake baza shinkafa ba, shi ya sa."

Kwana uku ina binsa. Na yi fushi, na yi roƙo, na daina amsa gaisuwarsa. Na san inda yake da taushi, ba ya iya jure a ce ya bar abokin aiki cikin kunya, kuma nan na yi ta dannawa. Ranar Alhamis da hantsi ƙofa ta saki sau huɗu a jere, na kashe inji na tafi ɗakin inbata raina a ɓace. Na zaro aswakina daga aljihu na karya biyu na miƙa masa. Guntun da ya faɗo hannunsa shi ne ɓangaren da nake taunawa, mai bakin buroshi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya danna cikin ƙofar ya cusa guntun a gefe, ya tokare ta.

Ya ce, "Zuwa Asabar kawai. In wutan ya tafi, da hannuna zan cire."

Ranar shinkafa ta fito santala-santala, ko ɗaya ba ta karye ba. Na yi ta murna, har rake na saya masa da za mu tashi.

Abin da ya faru washegari ba na wurin, shi ya ba ni labari daga baya, sau ɗaya tak, kuma bai sake ba. Mun tafi masallaci, shi kuma ya ɗauki bokiti ya hau rufi wanke faranti, don a wannan sa'ar ce kaɗai ƙaiƙayi ba ya tashi. Ashe tun muna kashe injina waya ta ƙone ta rabu a saman fal ɗin wuta na uku daga ƙofar kamfani. Mu ne na ƙarshe a layin, daga fal ɗin nan zuwa taransifomarmu babu kowa. Da ƙofa na aikinta da ta saki nan take. Amma aswaki na riƙe da ita, sai wutarmu ta bi ta taransifoma ta haura, ta cika guntuwar wayar nan ta tsaya. Babu mai sha, babu abin da ke wucewa. Jan ƙwan fitilar da ke bango, wanda ke nuna akwai wutar gari, shi ma bai mutu ba, don tamu ce ke kunna shi.

Wanda aka turo gyara shi ne Job, mijin Liatu ƙanwar Irmiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Baban Roda muke ce masa. Yana aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila mai kula da layin, shekara ashirin da biyu yana hawa fal. Ya sa aka kashe daga gari, ya ɗaura wayar da ke sauke wuta ƙasa a ɓangaren gari, don duk rayuwarsa daga can wuta take zuwa. Abokin aikinsa ya riƙe tsani. Har ya sa ƙafa sai ya tuna kamfaninmu na da sola, ya zaro waya ya kira.

"Yaya, ina fal na uku, an kashe daga gari, zan hau. Taku tana fita?"

Irmiya hannunsa jiƙe da ruwan sabulu, ya dubi gilashin waya, ya ce, "Sifili."

"To madalla, sai na sauko."

Ya ce mini ya mayar da waya aljihu, ya ɗauki tsumma, ya goge faranti ɗaya. A na biyu ne kalmar "an kashe" ta iso masa kai. Ya ce bai san yadda ya sauko daga tsani ba. Yana gudu yana kira, wayar Job na ƙara a aljihu, shi kuwa hannuwansa biyu na kan fal. Irmiya ya kai bakin ɗakin inbata ke nan ya ji ƙarar, kamar tayar babbar mota ta fashe. Duk da haka ya shiga ya fizge guntun aswakin, ƙofa ta saki, ya jefar da shi ya fita da gudu.

Ni na dawo daga masallaci da farin kaya da ƙanshin turare, na hangi taro a gindin fal. An riga an sauko da shi, bel ɗin da ya ɗaure kansa da shi a fal ne ya hana shi faɗowa, an sa shi a mota, Irmiya ya bi su. Na gane tun kafin kowa ya yi mini bayani. Ban tsaya ba, na wuce ɗakin inbata. Ga guntun aswakin nan a ƙasa, gefen batura. Na sunkuya na ɗauka na jefa a aljihu, ban yi shawara da kowa ba.

Job bai mutu ba. Amma hannun dama ya tafi, daga ƙasan gwiwar hannu aka yanke.

Ranar Asabar Patricia ta iso da na'urar da ta yi alkawari, a cikin kwalinta, sabuwa fil. Kwana ɗaya! Kwana ɗaya rak ya rage. Ta gwada ƙofa, ƙofa na aiki. Ta duba abin da akwati ya ajiye, sifili ne daga safe har yamma, sai wani ɗan motsi na ƙiftawar ido wajen ƙarfe biyu saura kwata. Ta daɗe a kan wannan motsin. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba Irmiya, an taɓa ƙofar nan?"

Kafin ya buɗe baki na yi caraf na ce, "Wa zai taɓa? Injiniya, Sai-na-gwada fa kike tambaya." Ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Ta ɗauka baƙin cikin surukinsa ne, ta ce ya yi haƙuri, ta rufe jakarta. Da sunansa na kirki na rufe bakin maganar, kuma ba a kan kowa ya yi aiki ba sai don kowa ya yarda da shi.

To in ba daga wurinmu wuta ta fito ba, daga ina? Sai laifi ya koma kan wanda ke kwance. Aka ce bai jira an kashe ba ya hau. Aka ce bai ɗaura wayar ƙasa daidai ba. Kafin wata guda magana ta canza kama, aka fara cewa ai ya ɗan kurɓa kafin ya fito. Job! Mutumin da ko lemon kwalba sai an matsa masa, dattijo a ikilisiyarsu, shi ke karanta Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. Aka ce masa ya ɗan huta da karatun tukuna har ƙura ta kwanta. Roda 'yarsa ta daina zuwa zumuntar matasa saboda kallon da ake mata. Shi kuma da aka tambaye shi sai ya ce bai tuna komai ba daga lokacin da ya sa ƙafa a tsani.

Maganar a fili take, ko yaro ya gane ta. In Irmiya ya yi shiru, yana nan da aikinsa da sunansa, Job kuma ya mutu da sunan mashayi. In ya yi magana, Job ya wanku, shi kuma ya gama aikin wuta a Bauchi. Ni na zaɓi shiru, kuma na yi ta zaɓa masa.

"Oga, hannu dai ba zai dawo ba. Kana da 'ya'ya huɗu, ginin Gwallameji ko filasta ba ka yi ba. Ka kula da gidan ƙanwarka, ka yi musu duk abin da za ka iya, shi ke nan. Allah ya san ba da gangan ka yi ba."

Shi dai Irmiya ya ci gaba da harkarsa. Yana zuwa aiki, yana gwada waya sau biyu kamar da, yana kai buhun shinkafa gidan Liatu, yana raka Job wankin ciwo a kan babur. Amma mutum ya fara ƙarewa a tsaye. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ranar Juma'a in Alhaji ya kira ya ce nawa, sai ya sauka ya je ya tsaya gaban ƙofa ya taɓa ta da hannu kafin ya amsa, kuma ya daina cewa sifili, sai ya ce, "Lafiya, Alhaji." Ni ma na daina yi masa wasan da safe.

Wata Lahadi da azahar sai ga Dorcas matar Irmiya a Ƙofar Wambai, da zanen zumuntar mata a jikinta, daga coci kai tsaye. Ba ta taɓa zuwa gidana ba sai suna ko rasuwa. Sauda matata ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, ba ta sha ba.

Ta ce, "Malam Mansir, wata uku ke nan in an zo karɓar Jibin Ubangiji a coci maigidana ba ya tashi. Kowa ya tashi, shi yana zaune yana kallon ƙasa. Tun da na aure shi bai taɓa yi ba. Kai ne abokinsa. Me ya faru ranar Juma'ar nan?"

Na ce tausayi ne, ai kin san zuciyarsa. Na ce ni ina masallaci. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai su muni ba. Tana magana hannuna na cikin aljihu yana juya guntun nan, don kullum in na canza riga sai na mayar da shi sabuwar. Na kasa jefarwa, na kasa ajiyewa a gida. Da ta tafi Sauda ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, wai me ya sa ka koma buroshi?" Na daka mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na fita.

Washegari Litinin da safe, ban ko kunna inji ba, Irmiya ya zo ya tsaya a gabana ya buɗe tafinsa.

"Ba ni."

"Me?"

"Na dawo daga asibiti ran nan na duba ƙasa ban gani ba. Kai kaɗai ka san da shi. Ba ni, Malam Mansir."

Na ce ya haukace. Na ce ya tuna Dorcas. Na ce to ni fa, so yake ya ja ni? Kunya ta kama ni da na ji abin da ya fito daga bakina, amma ya riga ya fito. Ya ce, "Hannuna ne ya saka, bakina ne ya ce sifili. Sunanka ba zai fito ba." Na zaro na ba shi.

Ina tsaye a bakin ofis ya ajiye shi a kan teburin Alhaji ya faɗi komai, ya sa aka kira Patricia a waya ya maimaita tana ji. Da ya gama ta ce, "Baba, na tambaye ka fa." Alhaji ya cire hula ya shafa kai. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce, "Irmiya, ka san ba zan iya riƙe ka ba." Ya ce ya sani. Abu ɗaya ya roƙa, a rubuta a takarda a aika wa ɗan kwangilar da Job ke wa aiki, ranar Lahadi kuma shi da kansa zai tashi gaban ikilisiya, ya kuwa tashi. Alhaji bai tambayi na wane ne itacen ba. Ni kuwa ina bakin ofis ina ji, na bar shi a haka.

Irmiya ya ɗauki guntun ya ajiye makullin ɗakin inbata a madadinsa. A waje ya ce, "Kai ni gidan Baban Roda, yau ba zan iya tuƙi ba." Na ɗauke shi a babur ɗina.

Mun samu Job a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, da kwanon tuwo a gabansa, yana koyon ci da hagu. Miya ta zuba masa a riga. Da ya gan mu ya ture kwanon gefe, ya yi murmushi, ya ce, "Yaya, yau ba aiki? Malam Mansir, sannu da zuwa." Liatu ta fito da kujeru. Irmiya bai zauna ba. Ya durƙusa a ƙasa, babban mutum gaban mijin ƙanwarsa, ya ajiye guntun aswakin a kan tabarma, ya faɗa masa tun daga Alhamis har zuwa kiran waya.

Liatu ce ta fara. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Yaya! Kai? Wata uku kana shigowa gidan nan kana cin tuwona, ana ce wa mijina mashayi, kana ji? Wata uku, Yaya?" Ta shige ɗaki tana kuka, muka ji ta banko ƙofa. Har yau ba ta taka gidansa ba.

Job bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na tuna kiran, Yaya. Tun a asibiti na tuna. Na ce ban tuna ba ne don in na faɗa, kai za a kama. Na yi ta jira ka zo da kanka." Ya numfasa. "Ka daɗe."

Irmiya ya kifa goshi a kan tabarma, kafaɗunsa na girgiza. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Ni ina gefe a tsaye, na ƙi zama, ina ta addu'a a raina a gama mu tafi.

Job ya miƙa hannu ya ɗauki guntun, ya juya shi a tsakanin yatsunsa. Ya kawo shi kusa da ido ya dubi bakin da ya tarwatse, inda haƙora suka bar shaida.

"Yaya, kai ba ka aswaki. Tun da na san ka buroshi kake yi."

Irmiya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni na saka."

"Ban tambayi wanda ya saka ba."

Ana jin kukan Liatu daga ɗaki. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito. Ni mai surutu, ni da ba a gama magana ban sa baki ba. Job ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ya miƙo mini guntun.

Ya ce, "Malam Mansir, karɓi abinka. Ka yi haƙuri, da hagu na ba ka."

Na sa hannu biyu na karɓa.